Darasi na 14: Karatun Yaro Daga Gida Yake Farawa

Gabatarwa

Ɗalibai, darasinmu na yau ya shafi ƙannenku. Da yawa daga cikinku kuna da ƙane ko ƙanwa a gida, mai shekara uku, ko biyar, ko bakwai. Za mu duba yadda mutanen gida za su taimaki irin wannan yaro ya iya karatu, mu kuma ga nauyin da ya rataya a wuyanku, ku yayyensa. Daga unguwar GRA ta birnin Bauchi za mu ɗauko misalanmu. A ƙarshen darasin ana so ku iya:

1. bayyana dalilin da ya sa iya karatu da wuri yake da muhimmanci;
2. lissafa hanyoyi biyar na taimaka wa yaro a gida;
3. amfani da "wa" da "masa" da 'yan'uwansu a cikin jimla.

Ku karanta bayanin da ke biye sau biyu, na farko a zuci, na biyu a bayyane.

A. Karatun Fahimta

*Unguwa da mutanenta*

Bauchi shi ne babban birnin Jihar Bauchi, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 1976. Malam Yakubu, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin a farkon ƙarni na 19. A zamanin Turawa aka keɓe wani yanki a bayan ganuwa domin gidajen ma'aikatan gwamnati, shi ne ake kira GRA. A yau akwai Tsohuwar GRA da Sabuwar GRA. Manyan ma'aikata da likitoci da malaman jami'a da 'yan kasuwa suna zaune a can. Akwai kuma masu gadi da direbobi da masu aikin gida, wasunsu tare da iyalansu. Za ku tarar da Hausawa da Fulani da Gerawa da Jarawa da Sayawa, ga kuma Yarabawa da Ibo da sauran waɗanda aiki ya kawo su. Harshen Hausa ne yake haɗa su a kasuwa da kan titi.

Wanda ya ga manyan gidaje da motoci zai zaci karatun yara ba abin damuwa ba ne a irin wannan unguwa. Mu malamai mun san ba kullum haka abin yake ba. Wata rana na ba wani ɗan aji ɗaya na sakandare shafi ya karanta, sai ya zuba shi kamar ruwa. Da na rufe layin farko da hannuna, na nuna masa wata kalma a tsakiyar shafin, sai ya yi tsit, idanunsa suka cika da hawaye. Ashe haddace shafin ya yi daga bakin abokansa. Iyayensa suna biyan kuɗin makaranta a kan kari, kuma ba abin da ya rasa a gida. Amma da na bincika, sai na gane ba wanda ya taɓa zama da shi suka buɗe littafi tare.

*Me ya sa abin yake da muhimmanci?*

Daga aji ɗaya zuwa aji uku na firamare, karatun kansa yaro yake koyo. Daga aji huɗu kuwa, da karatun ne zai koyi lissafi da kimiyya da tarihi da addini. Saboda haka yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, kowane darasi zai zame masa dutse. Kunya za ta sa ya koma kujerar baya. Wani ma daga nan yake barin makaranta.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2011 an gwada karatun 'yan aji uku a makarantun firamare na jihohin Bauchi da Sakkwato. Aka ba kowane yaro ɗan gajeren labari da Hausa, sai aka tarar mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Daga bisani gwamnatocin jihohin biyu, da tallafin hukumar USAID ta Amurka, suka fito da shirin "Mu Karanta!" domin 'yan aji ɗaya zuwa uku. A 2022 kuma Bankin Duniya da wasu hukumomi suka ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi.

Makaranta ita kaɗai ba za ta warware wannan ba. Malami ɗaya a gaban aji mai cike da yara ba ya samun damar sauraron kowannensu kullum. A gida kuwa, yaro yana iya samun mutum guda wanda zai ba shi kunnensa gaba ɗaya. Ga hanyoyi biyar da za ku bi.

*Hanya ta farko: hira da tatsuniya*

Karatu magana ce da aka zuba a takarda. Yaron da bai taɓa jin kalmar "guga" ba, ko ya haɗa haruffanta daidai, ba zai san abin da ya karanta ba. Don haka ku riƙa yi wa ƙannenku magana, kuna kiran kowane abu da sunansa. In ana toya masa, abincin da Bauchi ta yi suna a kansa, ku nuna musu ƙullu da tanda da mai. In an je Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, ku tambaye su abin da suka gani. Da dare a yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Bayan an ce "ƙurunƙus", sai ku tambayi yaro: Wa ya fara magana? Me ya faru daga nan? Da kai ne Gizo, yaya za ka yi? Washegari ku ce shi ya ba ku labarin. Yaron da ya saba bin labari da kunne, ba zai sha wuyar bin sa da ido ba.

*Hanya ta biyu: wasa da sauti*

Kafin yaro ya san harafi, ya kamata kunnensa ya gane cewa kalma tana rarrabuwa. Ku tafa hannu a kan kowace gaɓa: ma-sa, tafi biyu, ra-ƙu-mi, tafi uku, ma-ka-ran-ta, tafi huɗu. Ku yi gasar kawo kalmomin da suka fara da sauti ɗaya, kamar mota, miya, mangwaro, madara.

Rubutun Hausa yana da sauƙi ta wannan fuska, domin galibi yadda ake faɗin kalma haka ake rubuta ta. Wasula biyar ne: a, e, i, o, u. In yaro ya san su, ya kuma san sautin "b", zai iya gina ba, be, bi, bo, bu. In ya haɗa "ba" da "ba", ya karanta "baba" ke nan. Ku lura sosai da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin suna sauya ma'ana. "Kafa" daban take da "ƙafa", "fada" daban take da "faɗa", haka "taba" da "taɓa". Abin da rubutun yau da kullum ba ya nunawa shi ne tsawon wasali da karin sauti. Garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi, duka "gari" ake rubutawa. Yaron da ya saba jin Hausa shi zai bambance su daga ma'anar jimla. Kun ga amfanin hanya ta farko.

*Hanya ta uku: rubutun da ke kewaye da mu*

Kalmar da ta fi kowace daɗi ga yaro ita ce sunansa. Ku rubuta masa shi da manyan baƙaƙe, ku manna a ƙofar ɗaki. Daga nan sai ku fita farautar haruffan sunan nasa: a gwangwanin madara, a buhun shinkafa, a allon sunan titi, a allunan shaguna, a jikin Keke Napep. Takardun kuɗi ma littafi ne. A jikin naira 50 an rubuta "Naira Hamsin" da boko. A jikin naira 500 da naira 1,000 kuwa, da ajami aka rubuta adadin kuɗin, wato Hausa da haruffan Larabci. Yaron da yake zuwa makarantar allo ko Islamiyya zai yi murna in ya gane haruffan da ya sani a can.

*Hanya ta huɗu: karanta wa yaro littafi kullum*

Wannan ita ce uwar hanyoyin. Ku tsayar da lokaci ɗaya, misali bayan cin abincin dare, ku ba shi minti 15. Ku zauna kafaɗa da kafaɗa, littafin yana gabanku duka. Ku fara da hoton bango, ku tambaye shi abin da yake zaton labarin ya ƙunsa. In kuna karantawa, ku bi layi da yatsa, domin ya ga boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, saɓanin rubutun allo. Ku sauya murya in kura ce take magana, ku sake sauyawa in zomo ne.

In ya fara gane kalmomi, sai ku bi mataki uku. Da farko ku karanta jimla yana sauraro. Na biyu ku karanta ta tare. Na uku ya karanta shi kaɗai. In ya ce a maimaita labarin jiya, ku maimaita, domin da maimaici kalma take zama a kai. Amma lokaci-lokaci ku nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar shafi, ku tabbata karantawa yake yi, ba hadda ba.

In babu littafi, ku haɗa naku. Ku ninke farar takarda guda huɗu, ku ɗinke tsakiya da zare da allura. Yaro ya faɗi labari, ku kuna rubutawa, jimla ɗaya a kowane shafi, shi kuma ya zana hoto. Wanda ya kai shekara bakwai ko takwas, kuna iya karanta masa gajerun labarai daga *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam, ko da shi bai kai ga karanta su da kansa ba.

*Hanya ta biyar: rubutu*

Hannu yana taimakon ido. Yaro ya zana harafi da yatsa a ƙasa, ko da alli, ko da gawayi a kan kwali. In za a je cefane, a ba shi ya rubuta "albasa" da "tumatir" da "gishiri". Ko ya yi kuskure, a tafi da takardar tasa kasuwa, domin ya ga rubutunsa yana da amfani.

*Abubuwan da ke kawo cikas*

Na farko shi ne waya da talabijin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yara 'yan shekara 2 zuwa 4 su wuce awa ɗaya a rana suna zaune gaban irin waɗannan na'urori, ta kuma ƙarfafa a riƙa yi musu karatu da ba su labari. Na biyu shi ne tsawa da duka da dariya. Yaron da ake ranƙwashi saboda harafi, littafin kansa zai tsana. Na uku shi ne gori, kamar a ce, "Dubi ɗan maƙwabta ya fi ka." Kowane yaro da saurinsa. In kun ga yana kusantar da littafi ga idonsa ƙwarai, ko ba ya jin magana sai an ɗaga murya, ku gaya wa iyayenku a kai shi asibiti a duba. In kuma an daɗe ana ƙoƙari bai ci gaba ba, a je a tattauna da malaminsa.

*Kowa yana da rabonsa*

Kakar da ba ta yi boko ba, ita ce gwanar tatsuniya da kacici-kacici. Uban da ya dawo aiki a gajiye yana iya cewa, "Zo ka karanta mini abin da kuka yi yau," ya saurara na minti biyar. Gidan da ba Hausa ake yi a cikinsa ba, a yi wa yaro hira da tatsuniya da harshen gidan, domin wanda ya gane yadda harafi yake ɗaukar sauti a harshe ɗaya ya samu tsanin hawa zuwa wani. In kuma akwai ɗan mai gadi ko 'yar mai aiki a gidanku, ku kira su su zauna a tabarma ɗaya da ƙannenku. Ku kanku akwai ribar da za ku ci: littafin yara yana da gajerun jimloli, kuma karanta shi a bayyane kullum zai gyara muku lafazin Hausa.

Ku tuna da mutumin da hotonsa yake jikin naira 5, Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haife shi a 1912. Ya yi karatun allo da na boko a ƙasar Bauchi, ya wuce Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi. A 1934 aka buga littafinsa *Shaihu Umar*, wanda a cikinsa wani malami yake ba almajiransa labarin rayuwarsa. A 1957 ya zama Firayim Ministan Nijeriya, kuma kabarinsa yana cikin birnin Bauchi. Shi ma wata rana yaro ne da wani babba ya nuna wa harafin farko. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

B. Tattaunawa

Ku ƙaddara wani gida a Sabuwar GRA bayan magariba. An ɗauke wuta, an kunna fitila. Ɗalibai uku su fito su karanta.

Mama: Tunda babu kallo yau, ki ɗauko littafi ki karanta wa Auta.

Yaya: To, Mama. Auta, matso kusa. Me ka gani a wannan hoto?

Auta: Raƙumi ne, Yaya, da wani mutum mai rawani.

Yaya: Madalla. Saurara in karanta maka: "Raƙumi yana da doguwar ƙafa." Yanzu mu karanta tare. Yauwa. Saura kai kaɗai.

Auta: "Raƙumi yana da doguwar... kafa."

Yaya: Saura kaɗan. Dubi kan wannan harafi da kyau. Me ka gani?

Auta: Ya lanƙwasa.

Yaya: To, taɓa abin da kake tafiya da shi. Mene ne sunansa?

Auta: Ƙafa! "Raƙumi yana da doguwar ƙafa."

Mama: Kai, sannu da ƙoƙari! In Babanku ya dawo, sai ka karanta masa. Ke kuma Allah ya yi miki albarka.

Yaya: Amin, Mama.

C. Sababbin Kalmomi

- harafi: alamar rubutu mai wakiltar sauti, jam'insa haruffa
- wasali: sauti irin a, e, i, o, u, jam'insa wasula
- baƙi: harafin da ba wasali ba, kamar b, d, k, jam'insa baƙaƙe
- gaɓa: yankin kalma da ake furtawa a bugu ɗaya
- hadda: riƙe magana a kai ba tare da duba rubutu ba
- guga: abin ɗebo ruwa daga rijiya
- tanda: kasko mai ramuka na toya masa
- auta: ɗa ko 'yar ƙarshe a gida
- cikas: abin da ke hana aiki tafiya
- gori: maganar da ake yi wa mutum don a kunyata shi
- lafazi: yadda ake furta kalma

D. Nahawu: "wa" da "masa"

In an yi aiki domin wani, Hausa tana nuna shi ta hanya biyu. In an ambaci sunan mutumin, sai a sa "wa" bayan aikatau:

- Yaya ta karanta wa Auta littafi.
- Kaka ta yi wa yara tatsuniya.

In kuma wakilin suna ne, sai a yi amfani da ɗaya daga cikin waɗannan: mini, maka, miki, masa, mata, mana, muku, musu.

- Yaya ta karanta masa littafi.
- Kaka ta yi musu tatsuniya.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, wanda aka yi wa aikin shi yake fara zuwa, sannan abin da aka yi. Ba a cewa "ta karanta littafi masa". Na biyu, ba a haɗa "wa" da "shi" a ce "karanta wa shi". Daidai shi ne "karanta masa". Haka kuma kada ku rikita "masa" ta nahawu da "masa" ta ci. Rubutunsu ɗaya ne, amma wasulan ta ci dogaye ne.

E. Auna Fahimta

1. A wace shekara aka ƙirƙiro Jihar Bauchi?
2. Yaya malamin ya gane cewa ɗalibinsa hadda yake yi?
3. Me ya sa aji uku na firamare yake da muhimmanci?
4. Me gwajin 2011 ya nuna?
5. Ku kawo matakai uku na karatu tare da yaro.
6. A cikin tattaunawar, yaya aka gyara kuskuren Auta ba tare da tsawa ba?
7. Ku bayyana ma'anar karin maganar da ta rufe bayanin.

F. Jinga

(a) Ku raba waɗannan kalmomi gaɓa-gaɓa: littafi, tatsuniya, kasuwa, ɗalibai, shinkafa.

(b) Ku musanya suna da wakilin suna. Misali: Na saya wa Baba jarida. Na saya masa jarida.
1. Malam ya nuna wa ɗalibai hoto.
2. Auta ya kawo wa Mama fitila.
3. Mun rubuta wa Kawu wasiƙa.

(c) Ku gina jimla ɗaya da kowace kalma: kafa, ƙafa, fada, faɗa.

G. Aikin Gida

Kowannenku ya nemi yaro ɗan shekara huɗu zuwa takwas, a gida ko a maƙwabta, da izinin iyayensa. Ku haɗa ɗan littafi mai shafi takwas tare da shi, ku kuma yi karatu da shi na minti 15 kullum har kwana bakwai. Kowace rana ku rubuta jimla biyu da Hausa a kan abin da ya iya da abin da ya ba shi wuya. Ku zo da littafin da bayanin a mako mai zuwa, za mu karanta su a aji.